Sheƙin da ke bin ruwan wanki

Mai mota ya karɓi motarsa daga wurin fenti da yamma tana ɗaukar ido, ya biya, har ya ƙara da godiya. Bayan wanki biyu ko uku sai ga kwarzanen sanfefa sun bayyana a ƙofa kamar da allura aka zana su. Nan take a ɗora wa ƙurar hunturu laifi. Ƙura ba ta da hannu a ciki, domin kwarzanen ba su taɓa barin wurin ba, lulluɓe su kawai aka yi.

Kwarzane rami ne siriri a cikin fentin saman nan marar launi da masu sana'ar ke kira kiliya. Ba ya fita sai an cinye abin da ke kewaye da shi har ya yi daidai da ƙasan ramin, kuma wannan aikin man guga ne mai ƙwayoyin da ke cin fenti. Kaki da man sheƙi cike ramin suke yi na ɗan lokaci. Duk wanda ya shafa su ya karɓi kuɗin gyara, kuɗin kwalliya ya kamata ya karɓa.

Lambar sanfefar da aka yi aiki da ita a ƙarshe ita ce ke zaɓar mai, ba sunan da ke jikin gwangwani ba. Sawun P1500 na buƙatar mai ci sosai, irin su Farécla G3 ko Meguiar's M105, sannan a bi shi da mai laushi kamar M205 don a kawar da hazon da na farko ya bari. Wanda ya daure ya kai P3000, matsakaici ya ishe shi. Amma mai tsayawa a P800 ya ɗauki inji yana jiran mai ya yi masa aikin sanfefa, zafi kawai zai tara har fentin ya ƙone a gefuna.

Masu kare gwangwani ɗaya ga kowane aiki sukan ce mai ƙarfin ya fi sauri. Haka ne, sai dai kaurin kiliyar masana'anta yawanci bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai silin gashi ba, kuma ita ce ke tare wa launi hasken rana. Motocin Beljiyam da muke saye wataƙila an riga an goge su kafin su hau jirgi. Abin da aka cinye ba ya dawowa, kuma ranarmu ba ta ragawa. Ku dubi rufin motocin da ke saɓulewa fari-fari a titi.

Mu masu motoci ma da namu laifin. Muna son madubi a wuni ɗaya, muna kuma taya aikin kamar tumatir. Kafin ka biya, ka sa a goge tafin hannu ɗaya na wurin da sifirit, a fito da motar cikin rana tsaka, ka duba ta gefe. Idan mai fentin ya fara cewa sifirit na ɓata fenti, kada ka ciro kuɗinka tukuna.