Ba Kowane Fitsarin Jini Ne Tsargiya Ba

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe ne sana'ata. Amma kwanakin baya na je duba wani dattijo a Kakuri, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya shekara biyu yana fitsarin jini yana cewa ai tsargiya ce. Ko da aka kai shi asibiti, sai aka tarar ciwon dajin mafitsara ne, ya kuma riga ya ci jiki. Tun ranar nake mamakin yadda kalma guda kan rufe wa mutum ido. Mun saba ganin jini a fitsarin yaran da ke wanka a rafi, har wasu na ɗaukarsa alamar balaga, don haka kowane jini ya fito sai mu kira shi tsargiya.

Ita ma tsargiyar ba abar rainawa ba ce, domin a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsutsarta cikin abubuwan da ke haddasa wannan ciwo. Ga shan taba, ga kuma sinadarin rini, wanda tun 1895 likitan Jamus Ludwig Rehn ya lura masu sarrafa shi na yawan kamuwa da cutar, takan kuma ɗauki shekaru kafin ta bayyana. Mu mazauna kudancin Kogin Kaduna, inda masaƙu suka ɗauki dubban ma'aikata tun buɗe KTL a 1957, tilas batun ya dame mu.

Mai karatu, abin da ke ba ni ƙwarin guiwa shi ne, ƙwayoyin ciwon suna zubar da ɓurɓushin DNA, wato sinadarin gadon halitta, cikin fitsari, ana kuma iya gano inda ya gurɓace. Masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna haka a 1991. A 1994 suka sake duba samfurin fitsarin tsohon mataimakin shugaban Amurka, Hubert Humphrey, wanda aka adana tun 1967, suka iske alamar ciwon da sai daga baya aka tabbatar yana da shi. Wani binciken a lardin Golestan na Iran, da aka wallafa a 2020, ya gano irin wannan alama shekara goma kafin cutar ta fito fili.

Hanyar da aka dogara da ita har yanzu ita ce zura siririn bututu mai kyamara cikin mafitsara, kuma da yake ciwon na yawan dawowa, akan maimaita kowane wata uku a farkon jinya. Talaka nawa ne zai jure wannan? Gwajin fitsari bai maye gurbin bututun ba tukuna, amma fitsari ana iya karɓarsa a Asibitin Gwamna Awan a aika Shika, dattijo yana zaune gida.

Sai dai akasarin binciken an yi shi ne kan nau'in ciwon da ya fi yawa a Turai da Amurka, alhali wanda tsargiya ke jawowa daban yake. Don haka nake kira ga Jami'ar Ahmadu Bello da ta Jihar Kaduna su gwada wannan dabara a kan namu majinyatan. Kafin nan, gidajen rediyo su taimaka a gyara wa jama'a fahimta, cewa duk babban da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ya garzaya asibiti. Allah Ya ba mu lafiya, amin.