MOTSA JINI: Kambas ɗin gayu daban, na gudu daban

 A wannan watan maganar mu da ku ce, samari da 'yan matan da su ka ƙudiri niyyar fara gudun motsa jiki da sassafe. Madalla da wannan niyya! Amma kafin ku fita, ku dubi abin da za ku sa a ƙafa.

Da dama daga cikin sababbin shiga kan watsar da gudu tun ba a je ko'ina ba. In ka bincika sai ka tarar bororo ne ya fito masu a dunduniya, ko farce ya yi baƙi, ko ƙwauri ya riƙe. Sau da yawa laifin takalmi ne. Mutum ya hango kambas mai ƙyalli, ya ga sunan kamfani, ya biya ya tafi, bai ma taka shi ba. Haba ɗan'uwa!

Ko gwanaye ba su tsira ba. A gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum, Abebe Bikila ɗan Habasha ya samu sabon takalmi bai yi masa daidai ba, sai ya ajiye shi ya yi gudun fanfalaƙi na kilomita 42 ƙafa ba takalmi, kuma ya ci zinare. A 1964 a Tokyo ya sake ci, wannan karon da takalmi. To kai kar ka ce za ka kwaikwaye shi a kan kwalta da fasassun kwalabe. Darasin dai shi ne takalmin da bai yi maka ba cuta ne, komai tsadar sa.

Ga yadda ake zaɓe. Ka je kasuwa da yamma, don ƙafa kan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini, haka kuma ta ke yi lokacin gudu. Ka tafi da safar da za ka riƙa gudu da ita. Ka sa duka biyun, saboda sau tari ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, kuma da babbar ake yin awo. Ka ɗaure igiya ka miƙe tsaye, ka danna gaban takalmin: tsakanin yatsan ka mafi tsawo da ƙarshen takalmin ya kamata a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu. Lura, a wurin wasu mai bi wa babban yatsa ne ya fi tsawo. Yatsu su iya motsi, dunduniya kuma ta zauna daram ba ta fita in ka ɗaga ƙafa. Sannan ka ɗan sassarfa a gaban rumfar, kar ka ji kunyar kowa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Batun lamba kuwa, kar ka kafe a kan "ni 42 na ke sawa". Tsakanin lamba ɗaya da mai bi mata a awon Turai bai kai milimita 7 ba, kuma kowane kamfani da irin yankan sa. Lambar Ingila daban, ta Amurka daban, a ta Amurkar ma ta mata daban da ta maza. Hajiya, a kula da wannan in za a yi maki aike. In mai kaya ya ce "zai buɗe in ka sa", ka ce masa na gode, ka nemi na gaba.

Masu zuwa gwanjo a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci, ba laifi, aljihu ne. Sai dai ku sani takalmin gudu kan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, ko da saman sa na sheƙi. Ku juya shi ku ga ƙasan. In ya cinye ta gefe guda, ko soson da ke tsakiya ya yamutse ya taurare, mai shi na farko ya riga ya ci moriyar sa. Ku ɗora shi a kan benci, in ya karkata ku bar shi nan.

Mai ciwon suga kuma ya riƙa duba ƙafar sa bayan kowane gudu, don ɗan ƙaramin miki a wurin sa ba abin wasa ba ne. Ya ga likita tun da wuri.

Mu na jiran wasiƙun ku. Sai wani watan in Allah ya kai mu. A yi gudu lafiya!