Shingen Hanyar Tawa: Bincike Ko Tatsa?

Daga Tawa zuwa Tabalak da Abalak, kan hanyar Agadas, duk mai mota ya san al'adar shinge. A sauke buhunan albasa cikin rana, a kwance ƙunshin ɗan kasuwa, a tona jakar malamin makaranta, wai ana neman taramol. Da zarar jika ɗaya ta fito daga aljihu, sai igiya ta faɗi, zargi ya gushe.

Ba mai musun cewa ƙwaya na ratsa Adar. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 23 ga Satumba 1999 ta ba hukuma ƙarfin bincike. Amma ƙa'idar shari'a ta yi wa ƙarfin linzami: abin da aka kama sai an lissafa shi, an rufe shi da hatimi, an rubuta takardar kamu, an sanar da mai gabatar da ƙara. Kamun da ba takarda, sunansa ƙwace.

To, ina manyan kayan ke bi? A Maris 2021, tan 17 na wiwi aka gano cikin wani sito a Yamai. A Janairun 2022, hodar ibilis kilo 214 aka kama arewa da Agadas, cikin motar magajin garin Fashi. Ko ɗaya bai fito daga buhun albasa ba.

A binciki motar manya kamar yadda ake binciken ta haya, kuma duk wanda aka karɓe wa kaya ya tafi da takarda. Shingen da jika ke buɗewa, mai kilo 214 ya fi kowa kuɗin buɗe shi.