FILIN ADDININ MUSULUNCI: Hukuncin Sayar Da Mota Ta Hannu Cikin Gaggawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan mutumin da buƙata ta taso masa, ya ɗaga motarsa yana neman mai saye da gaggawa. Wannan al'amari sananne ne a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Da zarar damina ta ɗauke, manomi yana bukatar kuɗin iri da taki da na ma'aikata a lokaci guda, shuka kuwa ba ta jiran kowa. Sai ka ga ya sa akori-kurar da yake kai tumatir Kwanar Gafan da ita a kasuwa. Haka nan tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ma'aikatan gwamnati da yawa suka ga motar ta fi ƙarfin albashinsu, suka nemi rabuwa da ita.

To, sayar da abin da mutum ya mallaka halal ne, ko da sauri ko da jinkiri. Sharaɗin da Allah Ya gindaya a Suratun Nisa'i, aya ta 29, shi ne yardar mai saye da mai sayarwa. Amma fa yarda ba ta tabbata sai da sani, domin wanda aka ɓoye masa gaskiyar haja, abin da ya yarda da shi daban, abin da aka miƙa masa daban.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa. Ya yi masa faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda jama'a za su gani, ya kuma barranta daga duk mai algus. Haka kuma ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko akuya kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Wanda ya mayar da mitar mota baya don a ce ba ta yi tafiya ba, ko ya zuba baƙin mai mai kauri don inji ya daina ƙara, ko ya shafe gurbin haɗari da fenti ya yi shiru, lalle aikinsa da na mai ɗaure hantsa duk ɗaya ne. Wanke mota da gyara ta tsakani da Allah ba laifi ba ne. Laifin yana ga kwaskwarimar da aka yi don rufe aibi.

Sau da yawa mukan ji mai mota ya ce, "Yadda ka gan ta haka ka saya, ba ruwana da abin da ya biyo baya." Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani filla-filla, ba a dunƙule ba. Saboda haka wannan magana ba ta kuɓutar da shi. In giya tana zamewa ya faɗa, in lagireto yana yoyo ya nuna, in takardun kwastan ba su cika ba, ko akwai sauran bashi a kan motar, ya sanar tun kafin a yi sallama. Idan mai saye ya gano tsohon aibi daga baya, yana da zaɓi, ko ya riƙe ta a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuwa motar ta halaka saboda aibin da aka ɓoye da gangan, hasarar tana kan mai sayarwa. Wannan hukuncin dukiya ke nan. To, ina ga wanda ya ɓoye lalacewar birki, motar ta hau titin Kano zuwa Zariya da lodin kwanduna da mutane a kai? Wannan kam haƙƙin rai ne zai tarar a gaban Ubangiji.

Dillalai ma suna da nasu kaso na nasiha. La'adar da aka yi yarjejeniya a kanta halal ce. Amma kawo abokai su riƙa taya mota da tsada alhali ba saye za su yi ba, don a ruɗi mai saye na gaskiya, shi ne najashu, Annabi kuwa ya hana shi. Kafin alƙalami kuma, in an sharɗanta cewa ya zama na mai mota idan ciniki ya warware, Imam Malik bai halatta shi ba, ko da yake Hanbaliyya sun sauƙaƙa.

Akwai wata dabara da ta addabi ma'aikata. Mutum yana neman tsabar kuɗi, sai attajiri ya sayar masa da mota bashi da tsada, sa'an nan nan take ya saye ta daga gare shi hannu da hannu da araha. Mota ba ta motsa daga inda take ba, kuɗi kaɗan sun haifi kuɗi masu yawa zuwa wani ajali. Wannan riba ce aka sa mata rigar ciniki, kuma mazhabarmu ta toshe ƙofarta.

Shi kuma mai saye ya ji tsoron Allah, kada ya mai da matsuwar ɗan'uwansa ganima, ya riƙa kushe mota da ƙarya don ya karya mata daraja. Ya tuna cinikin raƙumin Jabir ɗan Abdullahi, wanda Manzon Allah ya saya a kan hanya, da suka isa Madina ya biya shi, ya kuma bar masa raƙumin kyauta.

Mai son ya sayar da wuri, hanya mafi kusa ita ce gaskiya. Ya sa kuɗi daidai da halin motar, ya haɗa takardunta, ya bar mai saye ya zo da bakanikensa. Malamai sun yarda da sharaɗin zaɓi na kamar kwana 3 a kan dabbar hawa don a jarraba ta, mota kuwa ita ce dabbar hawan wannan zamani. Sa'an nan a rubuta ciniki a gaban shaidu, bisa shiryarwar aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kuma sauya sunan mai mallaka a wurin hukuma. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya nuna cewa gaskiya da bayani su ke jawo albarkar ciniki, ƙarya da ɓoyewa su ke shafe ta. Kuɗin da babu albarka a cikinsu kuwa, ko an zuba su a gona mai ruwa, ba su haifar da alheri.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu, Ya sa mu dace duniya da lahira, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.