Tallan Tufafi: Kyau Ba Ya Isa Sai Da Kasuwa

Shekara talatin da suka wuce, da wuya a ga 'yar ƙasar Sin cikin 'yan matan da ke tallan tufafi a dandalin Faris ko Milan ko Landan. Yau kuwa manyan kamfanonin ɗinki na Turai su ne ke neman su. Labarin yana da nisa a ido, amma akwai darasi a cikinsa ga 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anaca, musamman mutanen Nguru da Gashuwa.

Wadda ta fi suna cikin waɗannan 'yan mata ita ce Liu Wen, haifaffiyar lardin Hunan a 1988. A 2010 kamfanin kayan shafa na Estée Lauder da ke Amurka ya ɗauke ta don yi masa talla, a 2013 kuma mujallar Forbes ta sa ta cikin jerin masu tallan kayan ƙawa da suka fi samun kuɗi a duniya. Ita ce 'yar Asiya ta farko da ta shiga wannan jeri.

To, me ya kawo wannan canji? Ai kasuwa ce. Ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, masaƙunta da masana'antunta suka bunƙasa, mutanenta suka sami abin hannu, suka shiga sayen jaka da takalma da turare masu tsada. A 2005 mujallar Vogue ta fara fitar da bugunta na ƙasar Sin. Da kamfanonin Turai suka ga inda masu saye suke, sai suka nemi fuskar da ta yi kama da ta mai saye. 'Yan matan Sin suna da kyau tun fil azal, amma sai da aljihun ƙasarsu ya yi nauyi sannan aka gan su.

Duk da haka sana'ar ba ta da tabbas. A 2018 kamfanin Dolce & Gabbana na Italiya ya fitar da wata talla da Sinawa suka ɗauka cin mutunci ne. Aka soke bikin nunin da ya shirya a Shangai, yarinyar da ta fito a tallar kuwa ta ce saura kaɗan abin ya kashe mata sana'a, alhali aikin da aka sa ta ta yi. Haka kuma Halima Aden, Basomaliya 'yar Amurka da ta yi suna tana talla da hijabi, ta ajiye aikin a 2020 don ta ga yana cin karo da addininta.

A nan Nijeriya ma an ga misalai. Oluchi Onweagba ta tashi a Ikko, ta ci gasar Face of Africa a 1998, ta tafi Amurka ta yi suna. Shatu Garko ta Kano ta zama sarauniyar kyau ta Nijeriya a 2021 da hijabinta. Amma ɗaiɗaiku ne, domin babu masana'antar da za ta riƙe na bayansu. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, atamfar da ta cika Kantin Kwari a Kano kuwa mafi yawanta daga Sin take zuwa.

Nan ne maganar ta iso Nguru da Gashuwa. Tun 1930, da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fata da ƙirgi, a wancan zamani ana lodinsu zuwa Ikko. Har yau fatar awakin Arewa takan bi ta majemun Kano ta wuce Italiya da Sifen ba a gama sarrafa ta ba. Can ake mai da ita jaka da takalmi, a ba 'yar talla ta riƙe a gaban masu hoto, a sayar a kan kuɗin da makiyayin da ya yi kiwon akuyar bai taɓa riƙewa ba. Wahala tana nan, riba tana can.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Yobe da Masarautun Nguru da Bade su dubi majema da dukawa da teloli da masu ɗinkin hula, su taimake su da horo da jari da kayan aiki. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana iya sa hannu wajen binciken jima da rini. Attajiran yankin da ke fataucin shanu da bandar kifi a Kudu su ma su tuna da gida, su zuba wani abu cikin wannan sana'a. In kayan gida suka sami kasuwa, samari da 'yan matan da za su tallata su za su samu, cikin suturar da iyayensu suka yarda da ita.

Ga iyaye mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun kuma, a yi hattara. Duk wanda ya zo da alkawarin kai yarinya Turai tallan kaya, ya nemi kuɗi ko fasfo tun ba a ga ofishinsa da takardunsa ba, to, a kai maganarsa ga Sarkin Hausawa ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Allah Ya kiyaye zuriya, Ya sa albarka cikin sana'a, amin.