Tambayar jarrabawa da ke zaune a gidajenmu



Da yawa cikinmu, musamman waɗanda suka gama Kwalejin Ilimi ta Gumel, muna shirin jarrabawar TRCN ko ta neman aikin koyarwa, inda tambaya kan haƙƙin yaro na samun ilimi za ta iya fitowa. Mu riƙe shekarun nan da kyau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Najeriya ta amince da ita a 1991. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta zo a 2003, dokar UBE a 2004: karatun shekara tara, kyauta kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

Inda ake yawan zamewa shi ne sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999. Ya ɗora wa gwamnati burin ba da ilimi kyauta, amma yana cikin Babi na 2, wanda sashe na 6(6)(c) ya fitar daga hurumin kotu. Hukunci kuwa yana cikin dokar UBE: wanda ya ƙi sa yaro a makaranta, karo na farko a tsawata masa, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Kuɗin ya zama abin dariya yau, amma haka za a tambaye mu.

Abin da ya fi damunmu shi ne dokar ta haɗa iyaye da masu riƙo. Ke nan ta shafi yarinyar da aka ɗauko daga ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar don ta taya aikin gida, tana wanke-wanke yayin da 'ya'yan gida ke aji. Ta shafi yaron da ke barin makaranta ranar Alhamis ya yi talla a kasuwar Maigatari. A Markus 10 almajiran Yesu ne da kansu suka tare wa yara hanya, shi kuwa ya ji haushinsu.

Muna ganin bai dace mu ci maki da wannan amsa mu yi shiru a kanta a majami'a ba. Malaman makarantar Lahadi su tambayi kowane yaro makarantarsa da ajinsa. Wanda ba shi da amsa, a kai maganarsa gaban fasto da dattawa a asirce, ba tare da kunyata kowa ba. Idan yunifom da littafin rubutu ne cikas, baikon zumuntarmu na wata ɗaya zai sa wa yara biyu ko uku.