Motsa Jiki Ma Hanyar Gode Wa Allah Ce



Ina kira ga 'yan'uwana Kirista manoma da 'yan tireda game da lafiyar jikinmu.

Da yawa cikinmu idan aka yi maganar motsa jiki sai su ce wannan ai aikin ma'aikatan ofis ne, mu noma ya ishe mu. Da damina gaskiya ne. To amma da rani fa? Da zarar an gama girbi, sai ka ga mutum ya zauna a shago ko gindin bishiya tun safe har magariba. Kasuwar da iyayenmu ke zuwa da ƙafa ko keke, yau sai an hau acaɓa, alhali tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin hawa ya yi tsada. Ga gishiri da magi a miya, ga lemon kwalba. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga suka shigo ƙauye. Idan maigida ya samu shanyewar ɓarin jiki, gona ta kwanta, shago ya rufe, kuɗin makarantar yara ya koma na magani.

Wasu 'yan'uwa kuma suna ganin guje-guje da ƙwallo abin duniya ne, bai kamaci mai bi ba. Sukan kafa hujja da 1 Timoti 4:8. Amma a karanta ayar da kyau. Manzo Bulus ya fifita ibada, wannan haka yake, sai dai bai ce horar da jiki banza ba ne, ya yarda yana da nasa amfanin. Shi ne kuma ya koya wa Korintiyawa cewa jikin mai bi wurin zaman Ruhu Mai Tsarki ne. Mu da muke haɗa kuɗi mu gyara rufin majami'a idan yana yoyo, me zai sa mu bar wannan ginin ya lalace?

Yesu kansa da ƙafa ya zaga Galili da Yahudiya, kuma daga Nazarat zuwa Urushalima ya fi kilomita 100. Almajiran nan biyu ma a hanyar Imuwasu, tafiyar kusan kilomita 11, ya buɗe musu Nassi. Sarki Dauda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban Akwatin Alkawari. Kalibu yana da shekara 85 ya nemi a ba shi ƙasar tuddai, domin ƙarfinsa na nan. A zamanin baya-bayan nan akwai Eric Liddell, mutumin Sikotland, wanda ya ƙi shiga tseren mita 100 a wasannin Olamfik na Faris a 1924 saboda ya faɗo ranar Lahadi, sannan ya ci na mita 400. Daga baya ya tafi aikin mishan a ƙasar Sin. Gudu bai raba shi da Allah ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Wannan ba ya cin ko kwabo. Abin da ke sa mutum ya dore shi ne ya ji daɗin abin, kuma daɗin yana cikin yi tare. Ku dubi Zumuntar Mata: za su yi awa guda suna waƙa da rawa, su fito da gumi suna dariya, ba wadda ta ce ta gaji.

Saboda haka ina ba fastocinmu da dattawan ikilisiya shawara. Wanda gidansa ke kusa ya taka zuwa sujada. Gaishe da marasa lafiya a tafi da ƙafa, mutum uku ko huɗu, ana hira ana addu'a. A share wa matasa filin ƙwallo, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, zumunci ya ƙaru. Magidanta kuma su daina barin rawa ga mata kawai. Sau ɗaya a wata a roƙi wata nas daga cikin membobi ta auna mana jini bayan sujada.

Ban ce a tilasta wa kowa ba. Matar da ta yini tana ɗebo ruwa da itace hutu take bukata, kuma mai ciwon zuciya ya fara ganin likita tukuna. Kirana ga masu zaman benci ne. Allah ya ba mu ƙafafu kyauta, mu yi amfani da su da murna tun muna iyawa.

 

Daga wani mai karatu,
Zonkwa, Jihar Kaduna.